Amsar da Ban Ba Ka a Tashar Gumel Ba

Gagarawa,
Jihar Jigawa.

Zuwa ga Angon Goggo,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka sauka lafiya, kuma sun bar maka wani abu na sumar kanka, ko da yake na ji an ce askin bariki ba ya tambayar ra'ayin mai kai. Allah ya tsare ka a duk inda idona ba ya kaiwa. Ka san da wannan tabarau nawa idon bai cika wuce bakin zaure ba, saboda haka tsaron kusan duk na Allah ne, kamar yadda yake tun asali.

Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Labarin gida babu, sai dai akuyar nan ta sake cin takardun jarrabawar 'yan ajina, kuma ina ganin ta fi su amfana da abin da ke ciki.

Dalilin wannan wasiƙa ka san shi. Ranar da muka raka ka tashar Gumel za ka tafi horon soja, direba yana ta cusa buhunan riɗi a bayan mota, ka matso kusa da ni ka ce, "Baba, wai mene ne ya kashe Baba Saje?" Ni kuwa na dubi tayar motar, na ce maka wannan taya ta girme ka, ka yi mata ladabi a hanya. Ka yi dariya don ka fita kunyata, ka shiga mota. Muka dawo gida ni da mahaifiyarka. Sai da ta ajiye mini tuwo ta ce, yaro zai shiga aikin da mutumin ya yi, ya tambaye ka da bakinsa, kai kuma ka ba shi tarihin taya. Na ce mata ai ba a fafe gora ranar tafiya. Ta ce goran nan shekara da shekaru yana rataye a ɗakina, ni ne ban fafe ba. Na ci tuwona.

Da na kira ka a waya, amma na san halina, da mun gama gaisawa zan koma kan taya. Alƙalami ya fi ni kunya, ba ya tsere wa magana.

Kai Baba Saje ka san shi, ni kuwa Ado na sani. Ɗan Goggo Hanne ne, ƙanwar mahaifina da ke aure a Sule Tankarkar. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, wato taubasai muke, abokan wasa na jini. Ka san dokar wannan zumunci: babu abin da ba zan iya faɗa masa ba, ko a gaban surukansa, kuma ba shi da ikon yin fushi. Ni ina ce masa bawana, shi yana ce mini Kwamandan Alli, wai rundunata yara masu majina ne, makamina kuma bulalar dogon yaro. Duk watan cika-ciki sai ya zo da tsintsiya ya share ƙofar gidanmu sharar ƙeta, ya tara dattin a kan takalmana, sannan ya zauna ya ce ba zai tashi ba sai an sallame shi. Haka muka taso, haka muka yi furfura.

Ya yi aikin soja shekaru masu yawa, na ƙarshensu a dajin arewa maso gabas, sannan ya yi ritaya ya dawo gida. Ya dawo da hannuwansa biyu da ƙafafunsa biyu, muka ce alhamdu lillahi, ya dawo lafiya. Mu iyakar ƙidayarmu ke nan.

Ka tuna famfon tuƙa-tuƙa na unguwarsu? Kafin ya dawo, wurin nan fagen dambe ne. Mai ƙarfi ke ɗiba, tsohuwa ta wuni da tulunta. Ado ya je ya tsaya ya kalli abin, washegari ya zo da sanda ya ja layi a ƙasa, ya ce daga yau jarka ce ke bin layi, ba mutum ba. Ki ajiye jarkarki ki koma ki yi aikinki, in layi ya zo kanki a cika miki. Mai ciki da tsohuwa kuma jarkarsu gaba take. Mata suka yi ta yi masa dariya, suna cewa Saje ya rasa sojoji ya koma yi wa jarkoki fareti. Ya bar su suka gama dariyar, layi kuma ya zauna. Babur ɗinsa ma ya zama motar asibitin unguwa. Mai naƙuda, wanda kunama ta harba, yaron da ya faɗo daga bishiya, duk a bayansa ake kai su, in an ce a zuba masa mai ya ce an raina kakinsa. Wannan mutumin ka gani kana ƙarami, shi ya koya maka goge takalmi har ka ga fuskarka a jiki, kuma na san saboda shi ka zaɓi wannan aiki. Ba ka yi kuskuren gani ba. Ka riƙe wannan kafin ka karanta sauran.

Wata Alhamis muka je kasuwar Maigatari tare. Muna tsaye wajen masu kankana sai tayar wata babbar mota ta fashe. Kafin in juya, Ado yana ƙarƙashin teburin mai kankana, ya rufe kai da hannu, jikinsa yana rawa. Da ya fito ya karkaɗe rigarsa ya ce yana duba ƙafar teburin ne, ya ga kamar tana lilo. Ni kuwa na sami abin da taubashi yake nema tun haihuwa. Daga ranar ya zama Saje Mai Gadin Kankana. Na faɗa a majalisa, na faɗa a wurin suna, na faɗa a ɗaurin aure, kowane karo ina ƙara gishiri. Shi ma yana dariya, har yana tafa mini. Na karanta littattafai da yawa a kan yaƙe-yaƙe, ina iya ba ka labarin faɗan da aka yi kafin a haifi kakan kakana, amma mutumin da ya dawo daga yaƙi yana rawar jiki a gabana, na ɗauke shi abin ba da nishaɗi. To, ka ji ta farko: dariyar da mutum ya taya ka a kan kansa ba izini ba ce. Wani yana dariya ne don ita kaɗai aka bar masa. A bariki za ka tarar da masu baki irin nawa, wataƙila ma ka gaje ni, don na ji yadda kake tsokanar ƙannenka. Yi wasanka, rayuwa ba wasa tuwo ne ba miya. Amma in ka ga abin da ya tsorata namiji, ka jira a watse, ka same shi shi kaɗai ka tambaye shi abin da ya gani.

Ta biyu ta fi nauyi. Wata rana bayan la'asar ya zo Gagarawa a kan babur, ba biki ba suna, ba kuma watan shara ba. Muka gaisa. Na ce ina gajiya, ya ce ba gajiya. Na ce ya iyali, ya ce lafiya lau. Ka san gaisuwarmu, da mutum zai shigo da kibiya a baya sai ya fara cewa lafiya lau, sannan a yi maganar kibiya in lokaci ya ragu. Muka zauna a zaure, aka kawo fura bai sha ba. Can sai ya ce, "Isyaku, ba na iya barci. In na rufe ido, yaran da na tafi da su nake gani."

Isyaku ya ce. Tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba sai ranar. Da ina da kunnen da nake taƙama da shi, da wannan kaɗai ya ishe ni. Sai na ce masa ai barcin ma ritaya ya yi, yana can yana bin layin fansho. Na ƙara da cewa ya yawaita addu'a, ya rage shayi. Ya yi murmushi ya ce Kwamandan Alli ya yi magana, an gama. Ya sha furar don kada mahaifiyarka ta ji babu daɗi, ya fita ya ba ka burushin goge takalminsa da kake ta roƙo, ya hau babur ya tafi. Daga baya na ji a kwanakin nan ya yi ta rabon kayansa, wannan ya ba shi bargo, wancan ya ba shi fitila, kowa yana yaba kyautarsa.

Addu'ar da na ce ya yi ba laifi ba ce, har gobe ita zan fara ce maka. Laifin shi ne na miƙa masa ita kamar yadda ake miƙa wa baƙo takalminsa. Wanda maciji ya sara muna yi masa addu'a ne a kan babur, muna gudu zuwa asibiti. A duk duniya ni ne mutumin da al'ada ta ba lasisin faɗa wa Ado kowace irin magana, kuma saboda haka ya tsallake garuruwa ya zo wurina. Ni kuma duk shekarun nan ban yi amfani da lasisin ba sai wajen tsokana.

Ba a daɗe ba aka aiko mana. Ga amsar tambayarka, ba tare da taya ba: Baba Saje shi ya kashe kansa. Kana firamare lokacin, muka ce muku gajeriyar rashin lafiya ce. Rabin maganar gaskiya ne, don rashin lafiya ce, amma ba gajeriya ba. Ya daɗe yana ɗauke da ita a gabanmu. Yadda abin ya faru ba zan rubuta ba, ba zai ƙare ka da komai ba.

Kada ka ɗauka ina cewa da na yi shiru na saurare shi ranar nan da yana raye. Wannan sanin na Allah ne. Na yi shekaru ina yi wa kaina shari'a, ni ne alƙali ni ne mai laifi, ban ga abin da zaman kotun ya gyara ba. Abin da na sani shi ne ciwon yana da magani. Malam Bitrus na ofishin gona, maƙwabcinmu, da ya zo yi mini gaisuwa ya gaya mini ƙanensa ma soja ne, ya dawo da irin wannan, ba barci, ba son hayaniya. Suka kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, ya yi ta zuwa ana magana da shi ana ba shi magani. Yanzu yana can garinsu yana noman dankali, har ya yi tumbi. Na ce masa mu nan in ka ambaci wannan likita sai a ce ka ce mutum ya haukace. Ya ce su ma can haka ake cewa, sun dai gwammace a yi gulmarsu da mutuminsu a raye. In ka taɓa jin abokinka yana cewa ya gaji da duniya, ko ka ga yana rabon kayansa ba dalili, kada ka yi masa kara. Tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum abin da babu a ransa. In ya ce e, kada ka bar shi shi kaɗai, kada kuma ka rantse masa za ka rufa asiri. Ka kai shi wurin likita ko da zai yi wata ba ya gaishe ka.

Yanzu bari in ba ka labarin kakarka Goggo Hanne, wadda tun ranar sunanka ta ce ta yi sabon miji, har sunan ya bi ka. Ita ce ta fi mu duka hankali.

A wurin jana'iza an yi ɗan ƙus-ƙus, wasu suna ja da baya. Liman ya ce Musulmi ne, za a yi masa sutura a sallace shi, hisabinsa yana wurin Wanda ya san abin da ke cikin ƙirji. Aka yi. Amma zaman makokin ban taɓa ganin irinsa ba. Ka san yadda ake yi, in an ce ya haƙuri, sai wani ya ce Allah sarki, mutumin kirki, ranar nan ma ya yi mini kaza. A na Ado babu wannan. A shigo, a yi addu'a, a kalli tabarma, a tashi. Ko sunansa ba a kamawa, sai dai a ce marigayin. Ni ma, mai bakin da ba ya rufuwa, na bi sahu na yi gum, ina ganin ladabi ke nan. Kuskure na uku ke nan, in kana lissafi.

Da mutane suka fara raguwa, Goggo ta aiko a kira ni cikin gida. Na same ta a kan tabarma, mata sun kewaye ta, kowa ya yi tagumi. Na durƙusa zan fara ya haƙuri, ta ɗaga mini hannu.

Ta ce, "Haƙuri na sha shi har ya ishe ni. Kowa ya shigo sai ya yi shiru, kamar ban taɓa haihuwarsa ba. Kai ba abokin wasansa ba ne? Zage shi in ji."

Na ce, "Goggo, a yau?"

Ta ce, "Da can da yake da rai wace rana ka taɓa ɗaga masa?"

Na shiga laluben labarin da zan bayar. Na kankana ba zan iya ba, ya riga ya zame mini ƙaya. Sai na tuna jakin. Ba ka san wannan ba. Farkon dawowarsa Ado ya ce zai yi noma, ya je Maigatari ya sayo jaki wurin wani mutumin Damagaram, yana ta cika baki wai shi ya san dabba daga kallon haƙori. Ya sa masa suna Kofur. To Kofur duk ranar da aka kwance shi sai ya miƙe arewa, ya nufi gidan tsohon ubangidansa, sai Ado ya bi shi a babur ya kamo shi dab da iyaka. Da abin ya ishe shi ya kafa masa kotun soja a tsakar gida, ya tuhume shi da gudu daga bakin aiki, ya yanke masa hukuncin tsayuwa a rana ba ci ba sha. Ba a jima ba aka leƙa aka ga alƙalin tsaye kusa da fursunan, ya kare shi da tabarma, yana ba shi dusa a kwanon cin abincinsa, yana ce masa kowa ma yana son gida.

Haka na ba su labarin. Goggo ta fara dariya, ta yi ta yi har hawaye suka zubo, daga nan kuma kukan da ta kasa yi tun ranar ya zo. Sai wata mata daga gefe ta ce ai ita a bayan babur ɗinsa ta kusa haihuwa, yana tuƙi yana ba jaririn umarnin ya dakata sai an isa. Wata ta ce ita ya taɓa mayar da jarkarta ƙarshen layi don ta yi satar shiga, ta yi kwana biyu ba ta gaishe shi, sannan ta gano shi ya ɗauko mata ruwan har gida. Kafin magariba ɗakin nan ya cika da Ado. Maza a waje suka ji dariya suka aiko a ji ko lafiya.

A ranar na fahimci abin da littattafaina ba su gaya mini ba. Mun ɗauki rana ɗaya, mafi muni a rayuwarsa, mun rufe sauran kwanakinsa da ita. Abin da ya yi a ranar ba daidai ba ne, ba jarumta ba ce, ba kuma mafita ba, ya bar mana ramin da har yau ba mu cike ba. Amma ba ita ce Ado ba. In ka je Sule Tankarkar gobe za ka tarar da jarkoki a jere a bakin famfo, ta tsohuwa a gaba, kuma in wata ta yi wayo za ka ji an ce mata ta bi layin Saje. Yaran da ke faɗar haka ba su ma san shi ba. Ni kuma duk watan cika-ciki ina ɗaukar goro da sabulu da dabino in kai wa Goggo sallamar sharar da ba a yi mini ba. Takan karɓa ta ce bawan nawa ya fi ni kirki, in ce ai shi ya sa na riƙe shi.

Saboda haka ban ce kada ka yi soja ba. Da na so hana ka da na yi tun kana goge takalman gidan nan har da na baƙi. Je ka yi aikinka da gaskiya. Ka kiyaye salla ko a tsaye ko a zaune. Kada ka zalunci wanda ba shi da bindiga, don kakin aro ne, za ka tuɓe shi ka dawo cikin mutane. Ka wanke safarka, wannan saƙon mahaifiyarka ne, ta ce in sa shi a tsakiyar manyan maganganu ko ka ɗauke shi da muhimmanci. Ka nemi aboki ɗaya, ko daga wace jiha yake, ko wane addini yake bi, wanda in ya ce maka ina gajiya za ka iya ce masa akwai ta. Kai ma ka zame masa haka.

Sauran magana tsakanina da kai ce. Kai ɗan fari ne, kuma ka san al'adarmu. Ban taɓa ɗaukar ka a gaban mutane ba, ban taɓa yabon ka kana ji ba, ko sunanka ban taɓa kamawa ba, sai wannan yaron, sai Angon Goggo. Ranar da ka ci jarrabawa na ce ashe malaman sun yi barci. Ana kiran wannan kunya, kuma ban raina ta ba, haka mahaifina ya yi mini. Amma na riga na ga abin da ke faruwa idan mutum ya zo da kaya a ka ya tarar duk ƙofofin gidansu na wasa ne ko na kunya. Ba zan sake ba.

In wata rana barci ya ƙi zuwa, ko ka ga abin da ya ƙi barin idonka, ka je wurin likita, kuma ka kira ni. Ba sai ka tsara magana ba. In na ce ina gajiya, ka ce akwai. Na yi maka alkawari ba zan kawo zancen taya ba. Zan ajiye allin in nufi tasha, in shiga duk motar da na samu, ko tayarta ta girmi kakana.

Allah ya kai ka lafiya ya dawo mana da kai lafiya, ta jiki da wadda ba a gani. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya haɗa ka da shugabanni masu tausayi da abokai masu kunne. Allah ya jiƙan Ado, ya yafe masa, ya yafe mana. Goggo ta ce in gaya wa angonta kada ya kuskura ya dawo da wata.

Ka kula da kanka, Aminu.

Mahaifinka,
Isyaku